Yadda ake gano yawaitar cutar fitsarin jini a garken shanu da yadda ake shawo kanta

Da zarar ruwa ya zauna a ƙasar Zazzau, wato daga wajajen watan Mayu zuwa Yuni, ciyawa ta yi tsawo kuma ƙasa ta riƙe danshi, sai kaska ta fara yawaita a jikin shanu, na ruga ne ko na turken cikin gida. Jinin da kaska ke sha asara ce, raunin da take bari a hantsa da matsematsi shi ma asara ce, amma abin da ya fi kashe dabba shi ne ƙwayoyin cutar da take zubawa a jini. Daga cikinsu akwai wadda likitocin dabbobi ke kira Babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa a ciki har ta farfasa su, jinin da ya lalace ya fita ta fitsari ya mayar da shi ja. Wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Victor Babeș, shi ya fara ganin ƙwayar a jinin shanu a 1888, sannan a 1893 Theobald Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke kai ta daga dabba zuwa dabba, don haka duk mai son sanin ko cutar ta yi yawa a garkensa dole ya haɗa da binciken kaska.

Akwai abu guda da ya kamata mai shanu ya riƙe kafin ya taɓa sirinji: samun ƙwayar a jini daban, rashin lafiya daban. Shanun gida irin su Bunaji da Bokoloji da Rahaji da suka tashi inda kaska take, da yawansu sun gamu da ƙwayar tun suna maruƙa, a lokacin da jikinsu ke da kariya ta halitta wadda kan kai kimanin wata 9, suka warke ba tare da an lura ba, suka ci gaba da ɗauke da ita kaɗan a jini, kuma wannan ɗan abin da ya rage yana taimaka wajen tsare su daga mummunan kamu. Saboda haka manufar binciken ba ita ce a sami hujjar yi wa kowace dabba allura ba. Manufarsa ita ce a gane waɗanda ba su da wannan kariya, domin su ne ke mutuwa.

Mataki na farko: a rubuta garken, a raba shi kashi-kashi

A sami littafi a rubuta kowace dabba da sunanta ko lambar kunnenta, da shekarunta, da irinta, da inda aka samo ta. A ware maruƙa 'yan ƙasa da wata 9, a ware matasa, a ware manya, sannan a yi wa kashi uku alama ta musamman: shanun madara masu jinin Turai irin su Firiziyan da ruwa biyunsu, dabbobin da aka sayo kwanan nan daga kara, da waɗanda suka tashi a ɗaure a cikin gida ba su taɓa shiga daji ba. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, amma in babu shi sakamakon gwaji ba zai yi wani amfani ba.

Mataki na biyu: a duba kaskar, a san wace iri ce

Ba kowace kaska ce ke ɗauke da Babesiya ba, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Wadda ido ya fi gani ita ce babbar kaska mai zane a baya da ƙafafu masu ratsi-ratsi da dogon baki, wadda Fulani ke kira koti, mai son hantsa da maraina da hammata da ƙarƙashin wutsiya. Ita ce makiyayi ke bi yana cirewa da hannu, kuma yana da gaskiya, domin tana lalata kan nono, tana buɗe wa kirci hanya, tana kuma kawo cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya. Sai dai ba ita ke kawo fitsarin jini ba. Mai kawo shi ƙaramar kaska ce mai gajeren baki, wadda idan ta ƙoshi takan yi launin toka mai sirkin shuɗi, girmanta kamar ƙwayar wake, tana zama a wuya da kafaɗa da fatar da ke reto a ƙirji da gefen ciki da cinyoyi. Saboda ƙanƙantarta kafin ta ƙoshi, hannu kan wuce ta.

Sanin rayuwar wannan ƙaramar kaska shi ne ke nuna lokacin da ya dace a yi feshi. Tana hawa saniya tun tana 'yar mitsitsiya, ta yi kusan mako 3 a jikin dabba ɗaya tana sha tana girma, sannan macen ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai da suka kai dubu biyu ko fiye. Idan ta sha jinin da ke da Babesiya, ƙwayar kan bi ta cikin ƙwan ta shiga 'ya'yan, su kuma su hau kan ciyawa su jira wata dabbar. Ma'ana, makiyaya da wurin kwana su ne ma'ajiyar cutar, ba jikin saniya kaɗai ba. Akwai kuma wani nau'in wannan kaska ɗan asalin Asiya da aka fara ganowa a Afirka ta Yamma a ƙasar Kodebuwa a 2007, daga baya aka same shi a Benin da Najeriya, wanda ya yi suna wajen bijire wa magungunan feshi da kuma ɗaukar nau'in Babesiya mafi kisa.

Don a auna yawanta, a zaɓi shanu 10 ba tare da son rai ba, a ɗaure kowace da sassafe kafin fita kiwo, a shafa hannu daga kai zuwa wutsiya a gefe ɗaya na jiki, a ƙirga matan kaskar da suka fara cika da jini, masu tsawon milimita 4.5 zuwa 8, sannan a ninka adadin biyu a sami na dukan jiki. A rubuta, a maimaita bayan kowane mako 2 ko 3 har ƙarshen damina. A ciro wasu a zuba a ƙaramar kwalba mai ɗauke da sifirit, a rubuta ranar da wurin, a kai wa likita ya tantance irinsu. Kada a murje kaska da yatsu tsirara, domin wata iri mai dogayen ƙafafu tana iya sa wa mutum zazzaɓi mai zubar da jini. A jefa ta a wuta ko a kananzir.

Mataki na uku: a binciki dabbobin da kansu

Cutar kan bayyana mako 2 zuwa 3 bayan kaska mai ɗauke da ita ta kama dabba, kuma zazzaɓi ne ke fara zuwa tun kafin fitsari ya canza. Don haka ma'aunin zafin jiki ya fi ido saurin gano ta. A sa shi a dubura da safe kafin rana ta yi zafi, a jingina shi da bangon duburar na minti ɗaya ko biyu. Lafiyayyar saniya takan nuna tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya. Wadda ta wuce 39.5 da sassafe abar tuhuma ce, mai Babesiya kuwa takan kai 40 zuwa 41 ko sama. Bayan haka a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗaga leɓe a dubi dasashi, a dubi cikin farjin mace: launin ja-ja mai haske shi ne lafiya, fari fat alamar ƙarancin jini ne, rawaya kuwa shawara ce. A lura da wadda ta ware daga garke, ta daina tuƙa, nononta ya ragu farat ɗaya, numfashinta ya yi sauri. Mai ciki tana iya yin ɓari. A jira ta yi fitsari a tara a farar roba a duba, domin a ƙasa launin kan ɓace. Yakan fara da ja, ya koma baƙi-baƙi mai kumfa.

Babesiya iri biyu ce ke damun shanu a yankinmu. Wadda ake kira bigemina ita ce ta fi fasa jini da kawo jan fitsari a fili. Wadda ake kira bovis kuwa ta fi haɗari, domin tana sa ƙwayoyin jini su toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai a ga dabba tana tangaɗi, tana zagaye wuri ɗaya, tana tura kai jikin bango ko tana kai wa mutane hari, kuma idan ta kai wannan matsayi da wuya ta tashi.

Wajibi ne a yi hattara da cututtukan da ke kama da ita, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai cutar Anafilasma, wadda ita ma kaska da ƙudaje masu cizo da allurar da aka yi wa dabbobi da yawa ke yaɗawa: tana kawo zazzaɓi da ƙarancin jini da shawara da taurin kashi, amma fitsari ba ya yin ja. Cutar ruwan zuciya tana kawo zazzaɓi da tangaɗi da shure-shure, ba ta kawo jan fitsari. Sammore da ciwon hanta suna ramar da dabba a hankali cikin makonni, ba cikin kwana biyu ko uku ba. Idan an yanka dabba ko ta mutu, likita ko mahauci mai lura zai ga alamun Babesiya: jini ya tsinke, kitse ya yi rawaya, saifa ta kumbura, madaciya ta cika da ruwa mai kauri, mafitsara na ɗauke da jan fitsari. Amma dabbar da ta faɗi matacciya ba tare da jinya ba, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura, kada a fede ta sam, a kira likita, domin wannan na iya zama wata cutar da ke kashe mutum.

Mataki na huɗu: ɗibar jini da kai shi gwaji

Wannan aikin likitan dabbobi ne ko ma'aikacin da aka horar, kuma mutanen Zariya ba su da uzurin nisa, tunda Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, kuma tana Shika. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a ɗebi jinin kafin a yi wa dabbar kowace allura, domin magani kan ɓoye ƙwayar cikin ɗan lokaci. Ana ɗibar jini daga jijiyar wuya a zuba a kwalbar da ke hana shi daskarewa, mai murfi ruwan hoda mai duhu zuwa shunayya, a juya ta a hankali, a rubuta lambar dabbar, a sa a kula mai ƙanƙara ba tare da kwalbar ta taɓa ƙanƙarar ba, a kai a ranar. Ana kuma huda bakin kunne ko ƙarshen wutsiya a ɗauki ɗigon farko a shafa a gilashi, saboda nau'in bovis ya fi taruwa a ƙananan jijiyoyi. Kowace dabba da sabuwar allurarta.

Idan garken bai wuce shanu 30 ko 40 ba, a gwada duka. Idan ya fi haka, a ɗauka daga kowane kashi da aka ware a mataki na farko, a zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Ba daidai ba ne a zaɓi ramammu kaɗai, domin sakamakon zai nuna cutar ta fi yadda take yawa. Masu binciken yanki guda, kamar ƙaramar hukuma, sukan nemi dabbobi 384 idan babu wani ƙiyasi na baya, amma mai garke ɗaya ba ya bukatar wannan adadi.

A ɗakin gwaji ana rina gilashin a duba da madubin likita, inda ake ganin ƙwayar bibbiyu a cikin jan ƙwayar jini. A roƙi a auna kaurin jinin ma: lafiyayyar saniya tana tsakanin kashi 24 zuwa 46 cikin ɗari, wadda ta sauko ƙasa da haka tana da ƙarancin jini.

Mataki na biyar: lissafi da fahimtar abin da ya fito

Lissafin mai sauƙi ne: a raba adadin waɗanda aka samu da ƙwayar da adadin waɗanda aka gwada, a ninka da 100. Alal misali, idan an gwada shanu 40 aka sami ƙwayar a 6, yawaitar ta zama kashi 15 cikin ɗari. A yi wannan lissafi ga kowane kashi daban, domin jimillar garke kan rufe gaskiyar abin da ke faruwa a tsakanin sabbin dabbobi ko masu jinin Turai.

Fassarar sakamakon ita ce ke bukatar natsuwa. Madubin likita yana kama ƙwayar ne idan ta yi yawa a jini, wato a dabbar da ke cikin jinya. Mai ɗauke da ita kaɗan yakan wuce ba a gani ba. Don haka ƙaramin adadi daga madubi ba ya nufin garken ya tsira, kuma gwajin ƙwayar halitta da manyan cibiyoyi ke yi kan gano fiye da haka a jini guda. Shi ya sa ba a kwatanta alƙaluman bincike biyu sai an san hanyar da kowanne ya bi, da lokacin shekarar da aka ɗebi jinin. Haka kuma za a iya rubuto cewa an ga Taileriya, wata ƙwayar cutar jini da ita ma kaska ke yaɗawa. Nau'inta da ake samu a nan yawanci mai sauƙi ne, nau'inta mai kisa da ake samu a gabashin Afirka babu shi a yankinmu, saboda haka ba abin tayar da hankali ba ne sai in dabbar tana da wata larura.

Masana a Ostireliya sun fitar da wata ƙa'ida da ke taimakawa: idan aƙalla kashi 75 cikin ɗari na maruƙa sun gamu da ƙwayar kafin su cika wata 9, da wuya annoba ta tashi a garken. Gwajin garkuwar jini ne ke nuna wannan, ba madubi ba. Abin da mai shanu zai ɗauka daga nan shi ne, garken da ƙwayar ta yawaita a cikinsa amma jinin dabbobin na da kauri kuma babu zazzaɓi yana cikin daidaito, ba ya bukatar allurar gama-gari. Garken da ke cikin haɗari shi ne wanda manyansa ba su taɓa gamuwa da ita ba, ga kuma kaska ta fara shigowa. A ganina, mai shanun madara da ya shekara yana feshi babu ƙaƙƙautawa sannan ya yi sakaci a damina guda ya fi makiyayin ruga kusa da asara.

Mataki na shida: jinyar wadda ta kamu

Dabbar da ke da zazzaɓi da jan fitsari ba a jira da ita. A ɗebi jinin, a yi magani a ranar. A fara da sanin nauyinta, domin kintace da ido shi ke jawo ƙarancin magani ko wuce kima. A auna kewayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba da tef ɗin tela, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka kewayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Saniya mai ƙirji 150 da tsawo 130 za ta kai kimanin kilo 270.

Maganin da aka fi samu shi ne diminazin, wanda aka fi sani da sunan Berenil, kuma shi ne dai ake yi wa sammore. Ma'auninsa miligiram 3.5 ga kowane kilo, a cikin tsoka. Ƙaramin fakiti mai giram 2.36 ana narka shi a mililita 12.5 na tsaftataccen ruwan allura, ya ba da mililita 15, wanda ya ishi dabba mai kilo 300. Wato mililita 1 ga kowane kilo 20, saniyar misalinmu kuwa mililita 13.5, a raba wuri biyu. Ba a yi wa raƙumi shi, yana kashe shi. Na biyu shi ne imidokab, miligiram 1.2 ga kowane kilo a ƙarƙashin fata, wanda kuma yake ba da kariya ta wasu makonni idan an ƙara ma'auni, amma yana daɗewa a nama, don haka likita ne zai yanke shawarar amfani da shi. Allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, mililita 1 ga kilo 10, ta Anafilasma ce da ruwan zuciya, ba ta wadatar ga Babesiya. A karanta kwanakin da aka hana shan nono da cin nama a jikin fakitin, a kiyaye su ko da za a yi asarar cinikin nono na 'yan kwanaki.

Bayan allura a ɗaure dabbar a inuwa, a ajiye mata ruwa da ɗanyar ciyawa da dusa, a ba ta maganin ƙarin jini, kuma kada a kora ta kiwo ko a ɗaura wa sa garma, domin mai ƙarancin jini na iya faɗuwa saboda 'yar wahala kaɗan. Zazzaɓi kan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma jini na ɗaukar makonni kafin ya dawo.

Mataki na bakwai: rage kaska da karɓar sabuwar dabba

Ga shanun gida, abin nema shi ne a rage kaska, ba a shafe ta ba, musamman a jikin maruƙa. A fara feshi da farkon damina kafin ta yi yawa, a maimaita duk mako 2 zuwa 3 gwargwadon abin da ƙirga ta nuna, a sassauta da rani. Masu jinin Turai suna bukatar tsari mai tsauri da ba ya yankewa. Maganin feshi na amitiraz mai ƙarfin kashi 12.5 ana zuba mililita 2 a kowace litar ruwa, wato mililita 32 a famfon goyo mai lita 16, kuma babbar saniya na bukatar kimanin lita 5 kafin ta jiƙe har fata, a fara daga ƙafafu da ciki da ƙarƙashin wutsiya a hau sama. Ba a fesa wa doki ko jaki amitiraz. A shayar da shanu kafin feshi, a yi shi da safe ko da yamma, ba lokacin da hadari ya haɗu ba, mai feshin ya rufe hanci da hannu. Magungunan feshi na saifametirin da deltametirin da fulumetirin dangi ɗaya ne, sauya ɗaya da ɗaya ba sauyi ba ne. Idan kaska ta daina mutuwa bayan an tabbatar da ma'auni, a koma wani dangin. Waɗannan magunguna suna kashe kifi, kada a wanke famfo a Kubanni ko Galma ko wani rafi. Fiya-fiya da maganin ƙwarin gona da baƙin mai ba na jikin dabba ba ne. Kaji da ke yawo a wurin kwanan shanu suna tsince kaskar da ta faɗo, sauya wurin kwana da share ciyawar gefensa su ma suna ragewa.

Dabbar da aka sayo daga Anchau ko Giwa ko Makarfi ko wata kara a fesa mata magani ranar da ta iso, a ware ta mako 3 zuwa 4, a riƙa auna zafin jikinta kowace safiya. Idan mai jinin Turai ce, ko ta fito daga wuri mai ƙarancin kaska, a shigo da ita da rani, a ci gaba da auna ta har tsawon daminarta ta farko, magani yana ajiye a gida. Gwajin jini na garke kuwa a yi shi sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina ɗaya a ƙarshen rani, a ɗakin gwaji guda da hanya guda, a rubuta sakamakon a gefen ƙirgar kaska da adadin waɗanda suka yi jinya a cikin littafin garken.